Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar KASUPDA: A Sa Sharaɗin Kare Tsuntsaye Cikin Izinin Gini a Zariya

Zuwa ga shugabannin Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kaduna, wato KASUPDA, musamman ofishinta da ke kula da shiyyar Zariya.

Kwafi ga shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, da sashen kula da gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, da masu zanen gini, da masu aikin alminiyam da gilashi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu wannan takarda mazauna Zariya ne, wasunmu nazarin tsuntsaye suke yi, wasu zanen gini, wasu haɗa tagogi. Buƙatarmu ɗaya ce: duk ginin da aka kawo muku zanensa, in bangonsa zai ɗauki gilashi mai faɗi, ku sa masa sharaɗin a yi wa gilashin alamar da tsuntsu zai gani, kuma a tsara fitilunsa su haska ƙasa. A gabanku wannan magana take da sauƙi, domin a kan takarda gyaran layi biyu ne. Bayan an ɗora gilashi kuwa sai an kafa tsani, an sayi kaya, an biya leburori. Tun ran gini tun ran zane.

Kowa a ƙasar Zazzau ya san shamuwa. In ta sauka a kan tsamiya ko rimi, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Tana zuwa ne daga gabashi da kudancin Afirka, ta yi sheƙa a nan da damina, ta koma. Cilakowa da shirwa su ma suna bin ruwan sama, arewa da kudu. Amma baƙin da suka fi yawa ba a cika lura da su ba saboda ƙanƙantarsu. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke barin Turai kowace kaka su tsallako Sahara. Cikinsu akwai tsattsewa, akwai ɗan rawayan nan mai kaɗa bindi da ke bin ƙafar shanu a fadama, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu cin ƙwari a cikin ganye waɗanda nauyin ɗaya bai wuce giram 8 zuwa 10 ba. Suna isowa daga Satumba zuwa Nuwamba. Wasu su zauna a bakin kogunan Kubanni da Galma da lambunan rani, wasu su huta su wuce kudu. Daga Maris zuwa Afrilu sai su sake biyowa, suna cin ƙwari da 'ya'yan itace suna tara kitsen da zai tsallakar da su hamada. Mafi yawansu da dare suke tafiya, su sauka da asuba duk inda suka ga itatuwa. Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi: Hilary Fry, ɗaya daga cikin manyan masanan tsuntsayen Afirka, a Jami'ar Ahmadu Bello ya koyar a shekarun 1960, a dazukan da ke kewaye da garin nan ya yi nazarinsa.

To, me ya haɗa su da gini? Tsuntsu bai san gilashi ba. Mutum ma ba ganinsa yake yi ba, firam da mariƙin ƙofa yake gani, ya gane akwai shamaki. Hanya biyu gilashi ke yaudarar tsuntsu. Ta farko ita ce madubi: gilashin nan mai sheƙi, shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa, wanda ake yi wa filaza da banki da otal ado da shi, yana ɗauko hoton mangwaro ko darbejiyar da ke gabansa, da sararin sama, ya nuna su sak. Tsuntsu ya taso daga reshe da niyyar komawa wancan reshen, sai ya tarar da bango. Farin gilashi marar launi ma yakan zama madubi muddin cikin ɗakin ya fi waje duhu, kuma haka yake a yawancin sa'o'in rana. Hanya ta biyu ita ce gani ta ciki: inda gilashi ke fuskantar gilashi, kamar baranda mai haɗa gini biyu, ko matakalar bene da aka rufe da gilashi, ko kusurwar da tagogi biyu suka haɗu, ko dogarin baranda na gilashi. Nan tsuntsu yana hango itacen da ke ɗaya gefen, ya ɗauka hanya ce.

Abin da ke kashe su galibi zubar jini ne a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa za a ga tsuntsu ya bugu, ya yi zaune jim kaɗan, ya tashi, a ce ya tsira, alhali da yawa can gaba suke mutuwa. Waɗanda suka faɗi a gindin bango kuwa kyanwa da hankaka da tururuwa sun riga kowa, abin da ya rage mai shara ya kwashe kafin ma'aikata su iso. Mai gini zai rantse bai taɓa ganin gawar tsuntsu ba, kuma gaskiyarsa. Wanda ya san abin dubawa, gilashin yake kallo: tambarin farar ƙura mai siffar ƙirji da fukafukai, ko ɗan gashi a manne.

Mun san amsar da za a fara ba mu: ai Zariya ba ta da dogayen benaye irin na Legas ko Abuja. Wannan amsa ita ce dalilin wasiƙar. Binciken da Scott Loss da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa gine-gine na kashe tsuntsaye tsakanin miliyan 365 zuwa miliyan 988 a shekara a Amurka. Wannan adadi nasu ne, ba mu ce namu ba. Rabon ne ya shafe mu: kusan kashi 56 cikin 100 a benaye masu hawa 4 zuwa 11, kusan kashi 44 a gidaje masu hawa 1 zuwa 3, dogayen benayen kuwa ba su kai kashi 1 ba. Dalili a bayyane yake. Tsuntsu a tsayin itace yake kiwo, kuma gilashin da ke daidai tsayin itace shi ke nuna masa itace. Irin waɗannan gine-gine su ne ke tasowa a PZ da Kwangila da hanyar Samaru da GRA da Kongo, kuma irinsu ake ƙarawa a harabar makarantu, inda itatuwa suka fi ko'ina yawa. A daren 4 zuwa 5 ga Oktoban 2023, tsuntsaye kusan 1,000 suka mutu a jikin gini ɗaya a Chicago, zauren taro na McCormick Place da ke bakin tafki. Ba dogon bene ba ne, faffaɗan bangon gilashi ne da fitilu a kunne. A 2024 aka lulluɓe gilashin da ɗige-ɗige, mace-macen kakar da ta biyo baya suka ragu da kusan kashi 95.

Yanayinmu ma bai taimaka ba. Ƙurar hunturu tana dusashe gilashi daga Disamba zuwa Fabrairu, wannan sauƙi ne. Amma lokacin da baƙin ke sauka a ƙarshen damina, ruwa ya wanke gilashi tas, itatuwa sun yi kore shar, madubin yana kan ganiyarsa.

Ga ƙa'idar da muke so ta shiga takardar izini, kuma a nan muke roƙon ku tsaya sosai, domin kuskuren awo kaɗan yana ɓata aikin duka. Tsuntsu ya saba kutsawa tsakanin rassa, duk ratar da ya ga jikinsa zai wuce zai gwada ta. Gwaje-gwajen da Daniel Klem, wani masanin tsuntsaye a Amurka, ya faro tun shekarun 1970 su suka haifar da awon da aka daɗe ana amfani da shi: in layuka a kwance suke, kada tazararsu ta wuce santimita 5, in a tsaye suke, kada ta wuce santimita 10. Daga baya aka ga cewa ƙananan tsuntsaye na gwada ratar santimita 10, saboda haka abin da ya fi aminci shi ne santimita 5 ta kowane ɓangare. In ɗigo za a yi, faɗinsa ya kai milimita 6 ko fiye. In layi ne, kaurinsa ya kai milimita 3 ko fiye. Launin ya fita sosai a jikin gilashin. A kan gilashi mai duhu fari ya fi. Taga mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 1.2 za ta ɗauki ɗigo sama da 500. Da jin adadin mutum zai ce an rufe masa gani, amma ɗigon milimita 6 a kowane santimita 5 bai cinye kashi 2 cikin 100 na gilashin ba, na cikin ɗaki yakan daina lura da shi.

Sharaɗi mafi muhimmanci, wanda kuma aka fi karyawa: alamar ta kasance a fuskar gilashi ta waje. Hoton itacen a fuskar waje yake fitowa. Duk abin da aka manna ta ciki, ko labule ko baƙar leda mai rage rana, yana bayan hoton ne, da rana tsuntsu ba zai gan shi ba. Baƙar ledar ma sau da yawa ƙara wa gilashin ƙarfin madubi take yi. Labule yana da amfani a wuri biyu kaɗai: toshe gani ta ciki, da tare hasken ɗaki da dare.

Har zuwa wane tsayi? Birnin New York, a dokar da ya kafa a 2020, ya wajabta kayan da tsuntsu ke gani a kashi 90 na bangon sabon gini har zuwa ƙafa 75, wajen mita 23. Toronto, wadda ta fara fitar da jagora tun 2007, tana aiki da mita 16 na farko. A Zariya muna ganin mita 16 ya wadatar, ko tsayin itacen da ke kusa idan ya girma, duk wanda ya fi. Ma'ana, kusan duk ginin da ake yi a garin nan daga ƙasa har sama yana ciki. Kada sharaɗin ya hau kan talaka mai tagogi huɗu da wayar sauro. A ɗora shi kan gine-ginen kasuwanci da na hukuma da makarantu da asibitoci, da duk gidan da ya sa gilashi guda da ya wuce murabba'in mita ɗaya yana kallon itatuwa ko ruwa.

Ga sabon gini, hanya mafi ɗorewa ita ce a sayi gilashin da aka gasa masa ɗigon fenti tun a masana'anta, ko wanda aka kankare fuskarsa da feshin yashi ko sinadari. Wannan ba ya ɓarewa. Masu feshin yashi na iya fitar da kowane zane, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a tsaya kan ɗigo ba alhali muna da dagi da sauran zanen bango da magina Zazzau suka gada. In dai babu fili a cikin zanen da ya wuce santimita 5, ya yi aiki. Hanya ta biyu ma ta fi wannan tsufa. Tsofaffin gine-ginen jami'a a Samaru da na ma'aikatun gwamnati an yi su da bulo mai huji, da fukafukan kankare masu tare rana, da tagogin luba, da baranda mai zurfi. Don zafi aka yi su, amma duk suna karya hoton da ke jikin gilashi. Mun bar wannan muka koma bangon madubi wanda ke tara zafi a bazara, ya sa mai gini ƙona man janareta don sanyaya ɗaki. Ko ba don tsuntsu ba, ya kamata malaman zanen gini su sake duba wannan ciniki.

Ga ginin da ya riga ya tsaya, ba sai an taɓa dukkan tagogi ba. Kusan kullum ɓangare ɗaya ko biyu ne ke yin ɓarnar, a fara da su. Mafi araha ita ce igiya: a sami igiyar nailan mai kaurin milimita 3, mai duhun launi, a huda sandar alminiyam kowane santimita 10, a zura igiyoyin, a ɗaure sandar a saman tagar ta waje, su sauko har ƙasa. Taga mai faɗin mita 1.2 tana cin igiya 11. Igiya ta fi layin fenti fita domin tana gaban gilashin tana motsi, shi ya sa santimita 10 ke isarta. In wurin yana da iska, a ɗaure ƙasan da wata sandar, in ba haka ba guguwar farkon damina za ta kitse su wuri ɗaya. Sai wayar sauro: in a waje take, ta gama aikin, amma masu haɗa taga mai zamewa sukan sa ta a rabi ɗaya, su bar ɗaya rabin tsirara. Sai ledar ɗigo da masu buga allon talla za su iya yankawa. A nan a yi hattara da kaya: leda ta cikin ɗaki ba ta jure ranar Zariya, takan dusashe ta naɗe baki ta ɓare. A nemi wadda aka yi don waje, a wanke gilashin ya bushe sarai, a manna da safe kafin ya yi zafi, domin a kan gilashi mai zafi gam ɗin yana kamawa kafin a daidaita, iska ta shiga ƙarƙashi. Makaranta da ba ta da kuɗi tana iya jan layuka da alƙalamin fenti mai mai da dogon ma'auni, ko ta yi da farar ƙasa a sabunta bayan ruwa. In raga za a shimfiɗa a gaban babban gilashi, a ja ta ta yi tauri, a bar tazarar santimita 8 ko fiye tsakaninta da gilashin, idonta kuma ya zama ƙanana. Raga mai sako-sako tarko ce.

Abin da ba ya aiki, don kada a ɓata kuɗi: hoton shaho ko mujiya guda ɗaya a tsakiyar gilashi. Tsuntsu ba ya ɗaukarsa maƙiyi, kewaye shi yake ya bugi gefensa. Haka tambarin kamfani a saman ƙofa.

Sai fitilu. Masu tafiyar dare suna daidaita hanya da taurari da maganaɗisun ƙasa, kuma haske mai ƙarfi yana janyo su, musamman daren da hadari ya sauko ko hazo ya yi kauri. Sukan yi ta kewaya hasken har su gaji, su sauka cikin gari, da safe gilashi ya ƙarasa su. Daga ƙidayar da gidan tarihi na Field ya shafe shekaru fiye da 40 yana yi a wancan gini na Chicago, binciken 2021 ya nuna cewa rage tagogi masu haske da rabi na iya rage mace-mace da kusan kashi 60. Ba mu ce a kashe fitilar tsaro ba, mun san halin da ake ciki. Amma fitilar da ke haska sama ba ta kama ɓarawo. A sa wa kowace fitilar waje hula, a sunkuyar da ita yadda hasken ba zai wuce saitin kanta ba. Masu ɗaura fitilar sola sukan karkata ta sama don a ce tana kai wa nesa, sai ta kashe wa mai gadi ido ta bar gindin katanga cikin duhu. A zaɓi ƙwai mai haske ruwan ɗorawa, Kelbin 3000 ko ƙasa a ma'aunin launin haske, adadin yana rubuce a jikin kwali, maimakon fari fat mai shuɗi-shuɗi. Fitilun ado masu haska bango daga ƙasa, da allunan talla, da ofisoshin da ba kowa, a kashe su daga ƙarfe 11 na dare zuwa asuba a watannin Satumba zuwa Nuwamba da Maris zuwa Afrilu.

Dogayen ƙarafan sadarwa na da tasu matsalar. Jar fitilar da ke ci ba ƙiftawa tana tara tsuntsaye su yi ta karo da wayoyin da ke riƙe da ƙarfen. Gwajin da aka yi a jihar Michigan ya nuna cewa barin mai ƙiftawa kaɗai yana rage mace-mace da kashi 50 zuwa 70, kuma hukumar jiragen saman Amurka ta sauya ƙa'idarta a 2015 a kan haka. Zariya garin Kwalejin Horar da Matuƙa Jirgin Sama ne, ba wanda ya isa ya taɓa waɗannan fitilu da ra'ayin kansa. Abin da muke nema ku rubuta wa Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta duba yiwuwar hakan, ku kuma fifita ƙarfen da ke tsayuwa da ƙafafunsa a kan mai wayoyi, musamman kusa da fadama da madatsar ruwa.

Don a san inda za a fara kashe kuɗi, a yi ƙidaya. Aikin ɗaliban nazarin halittu ne, kuma ya isa aikin kammala digiri. A zaɓi gine-gine kamar 10 masu gilashi iri-iri. Ranar farko a kwashe duk gawar da ke wurin, kada a lissafa ta. Daga nan kullum da sassafe, kafin mai shara, a zagaya kowane gini ana duba mita 2 daga bango, har ƙarƙashin furanni da cikin kwata, na tsawon mako 6 a Oktoba da Nuwamba, a maimaita a Maris da Afrilu. A rubuta rana, da ɓangaren ginin, da irin gilashin, a ɗauki hoton tsuntsun ta ciki da ta baya da ma'auni a gefe. Ranar da ba a samu komai ba ita ma a rubuta, in ba haka ba lissafin ya lalace. Masu shara da masu gadi a sa su cikin aikin tun farko, sun fi kowa sanin bangon da ke kisa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos na da ƙwararrun da za su tantance nau'in daga hoto.

Wanda aka tarar da rai, a sa shi cikin kwali mai 'yan huji da tsumma a ƙasa, a rufe, a ajiye wuri mai duhu da shiru na awa ɗaya zuwa biyu. Kada a ɗura masa ruwa, yakan shiga huhu ya kashe shi, kuma wannan shi ne kuskuren da masu tausayi suka fi yi. A buɗe kwalin kusa da itace, nesa da gilashin. In bai tashi ba, asibitin dabbobi na jami'a yana nan a Samaru. Gawa kuwa kada a taɓa da hannu tsirara, a sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu. A wata gonar kaji a Jaji, nan kusa da mu, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a Fabrairun 2006. In an ga gawarwaki da yawa nesa da gilashi, wannan maganar likitocin dabbobi ce.

Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi masu ƙaura, amma ba a Abuja ake sa hannu kan zanen filazar da za a gina a Sabon Gari ba, a teburinku ne. Muna roƙon ku ƙara tambaya uku a takardar neman izini: wane irin gilashi za a sa kuma nawa ne faɗinsa, wace alama za a yi masa a fuskar waje da tazararta, ina fitilun waje za su fuskanta. Jami'in da ke zuwa duba gini kafin a shiga ya tafi da ma'auni a aljihu. Ku kuma kira masu aikin alminiyam da masu sayar da gilashi zama ɗaya kafin sharaɗin ya fara aiki, domin su ne ke ba mai gini shawara a zahiri, kuma in suka san za a nemi gilashi mai alama za su fara kawo shi. A shirye muke mu zo da samfurin taga mai igiya da mai ɗigo, mu kuma taimaka wajen rubuta ƙa'idar da Hausa da Turanci. Ana bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya a Asabar ta biyu ta Mayu da ta Oktoba. Muna fatan zaman ya kasance kafin ta Oktoba, domin ƙidayar farko ta kama lokacin saukarsu.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku,
Wasu masu nazarin tsuntsaye, masu zanen gini da masu aikin gilashi, Zariya.